Zauren Makaɗa: Sonatar da Ta Ƙi Yin Magana a Hannun 'Yar Kaltungo

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa. A fitowar da ta gabata na ambaci wasu tsofaffin kiɗe-kiɗe da ake kira sonata, waɗanda aka rubuta wa bayolin, wato gogen Turawa, tsakanin 1610 da 1700, har na ce su na fi so in koyar a ɗan ɗakina da ke Tunfure, nan Gombe. Ashe maganar ta sosa wa mutane inda ke musu ƙaiƙayi. Saƙonni sun zo daga Kaltungo, Azare, Bajoga, Billiri, har da Dukku. Na zaɓi biyar. Ta farko za ta ci mana wuri, don ita ce uwar sauran.

Daga wata ɗaliba a Kaltungo: *Baba, ina gaisuwa. Shekarata uku ina koyon bayolin a ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Yayana ya turo mini takardar sonata ta farko ta Dario Castello. Na haddace sautukan, ina bin na'urar ƙirga bugu ba kuskure, amma in na gama sai in ji kamar ban ce komai ba. Ga shi kiɗan sai canja tafiya yake yi, yanzu gudu, an jima kamar an tsaya. Ina matsalar take?*

'Yata, kunnenki lafiya lau yake, tun da har ya gaya miki ba ki ce komai ba. Fara da kashe na'urar nan, ki ajiye ta sai ranar da za ki yi atisayen yatsu.

Bari in gaya miki inda kiɗan ya fito, don a nan amsar take. Kalmar sonata daga Italiyanci ce, ma'anarta abin da aka kaɗa, kishiyar kantata, abin da aka rera. Wajen shekarar 1600 mawaƙan Italiya suka gaji da waƙar da muryoyi biyar ko shida ke saƙa juna har ba a jin kalmomi. Suka fito da sabon salo: murya ɗaya ta ɗauki magana, muryar ƙasa ɗaya ta tallafe ta, mawaƙin ya yi gaggawa inda zuciya ta tashi, ya ja inda ta karye. Giulio Caccini ya buga littafinsa na irin wannan waƙa a 1602, da doguwar gabatarwa kan yadda ake rera ta. Masu bayolin suka ji, suka ce su ma izgarsu za ta iya. A 1610 Giovanni Paolo Cima ya buga sonata ta bayolin da muryar ƙasa a Milan, tana cikin na farkon farko da suka iso gare mu. A 1617 wani saurayi ɗan Brescia, Biagio Marini, wanda ke kaɗa bayolin ƙarƙashin shugaban mawaƙa Claudio Monteverdi a majami'ar San Marco ta birnin Benis, ya fitar da nasa littafin. Castello ɗin da ke hannunki ya buga littafi biyu a Benis, ɗaya a 1621, ɗaya a 1629, kuma sonatar taki ita ce ta buɗe na biyun. A bangon littafin ya rubuta cewa a salon zamani aka yi su. To salon zamanin nasu shi ne bayolin ta yi abin da bakin mutum ke yi.

Kin taɓa tsayawa kin saurari mai goge a gidan biki? Kafin masu ƙwarya su shigo, yakan ja izga shi kaɗai, ya hau, ya sauko, ya tsaya, kamar mai gyaran murya zai yi kirari. Babu mai iya taka rawa a wannan wurin, don bugun yana cikin ƙirjinsa. Can sai ƙwarya ta faɗo, ƙafa ta samu wurin sauka. An jima kuma ya sake sakin bugun. Sonatar Castello haka take tafiya, sai dai an rubuta ta a takarda. Abin da kika kira canja tafiya shi ne ginin nata.

Ga yadda nake yi da ɗalibaina. Ba a taɓa bayolin a ranar farko. Fensir ake ɗauka. Sonatar ba ta wuce minti biyar ko shida ba, kuma ba a yanka ta gida-gida da tsayawa a tsakani kamar sonatocin da suka zo daga baya. Tafiya ɗaya ce mai zango-zango. Ki bi takardar ki ja layi duk inda aka rubuta alegra, ko adasio, ko presto, wato da kuzari, ko a hankali, ko da gudu, da inda awon ya juya daga bugu biyu zuwa bugu uku. Kowane zango ki rubuta masa kalma ɗaya ta Hausa a samansa: gardama, lallashi, rawa, roƙo, ɗoki. Kada ki nemi kalmar da ta dace a wurin kowa, ki nemi wadda ta dace a wurinki. Wani yaro ɗan Bolari da nake koya wa ya rubuta "cigiya" a kan wani zango mai sanyi, kuma tun daga ranar bai sake kaɗa shi da garaje ba.

Sai ki koma kan layin ƙasa, wanda na tabbata ba ki taɓa duba shi ba, don yawancin masu bayolin layinsu kawai suke gani. Ki rera shi da baki. Za ki tarar da hali biyu. Wani wuri muryar ƙasa tana tafiya, tana ma maimaita abin da bayolin ta faɗa, kamar 'yan amshi. A nan bugu ya zauna daram, ba ki da ikon ja ko turawa, don ku biyu ne kuke zance. Wani wuri kuma muryar ƙasa ta dafe sauti ɗaya ta riƙe shi tsawon lokaci, ke kuma an zuba miki ƙananan sautuka rututu a sama. Nan ne filinki. Kada ki kaɗa su daidai wa daida kamar keken ɗinki. Ki fara a hankali kamar mai tunanin abin da za ta ce, ki ƙara wuta a tsakiya, ki sassauta kafin ki sauka. Frescobaldi, babban makaɗin Roma na ogan, wato kibod mai bututun iska, ya rubuta wa masu kaɗa kiɗansa irin wannan shawara a 1615: kada a ɗaure kiɗan da bugu ɗaya, a bar shi ya bi abin da ake ji, kuma a ja kaɗan in an zo masauki.

Masauki shi ne inda jimla ta ƙare, muryar ƙasa ta sauka gida. Ki zagaye kowanne da fensir, sannan ki auna su, don ba nauyinsu ɗaya ba. Wani waƙafi ne kawai, ki ja numfashi ki wuce. Wani aya ce. Wani kuma rufe ƙofa ne, bayansa sai shiru. Shirun nan ki ba shi haƙƙinsa. A manyan majami'un dutse na Italiya amo yakan daɗe yana yawo bayan an ɗaga izga, makaɗin yana jiransa ya kwanta. Ɗalibai tsoron shiru suke ji, suna ganin kamar za a ce sun manta.

Dab da masauki za ki riƙa samun wurin da sautinki da na ƙasa suke cizon juna, sannan naki ya sauko taki ɗaya su daidaita. Ki danna izga a kan cizon, ki sassauta a kan daidaitawar. Yawancin masu koyo akasin haka suke yi: su tsallake cizon da sauri don yana musu ɗaci a kunne, su zuba ƙarfi a sautin ƙarshe. Alhali ɗacin nan saboda shi aka rubuta wurin.

Yanzu hannun dama. Izgar wancan zamani gajeriya ce, mara nauyi, sandarta a miƙe ko ta ɗan gantsare waje, bakinta siriri. Irin wadda kike riƙe da ita, mai lanƙwasa ciki da nauyi a baki, sai wajen 1785 François Tourte ya daidaita ta a Faris, don a samu dogon sauti mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Tsohuwar izga ba ta san wannan ba. Ja ƙasa ya fi tura sama nauyi, sauti yakan fara, ya kumbura, ya mutu da kansa, kamar gaɓar kalma. Ba sai kin sayi wata ba. Ki matsar da riƙonki sama da inda kika saba kamar faɗin yatsu uku, ki ɗan sassauta tsagiyar, ki yi aiki da tsakiyar izgar. Nan take za ki ji ƙananan sautukan sun fara rarrabuwa kamar baƙaƙe da wasula. Dogon sauti kuwa ki fara shi siriri, ki buɗe shi, ki sake rufewa. Mawaƙan Italiya sun ɗauki wannan a matsayin ado na farko, kuma shi ya kamata ya maye gurbin karkarwar yatsa da aka koya miki ki riƙa yi a kan kowane sauti. Karkarwar nan yaji ce, a wuri biyu ko uku cikin sonata ta isa. Kada kuma ki guji sakakkiyar tsirkiya. Ƙarar da take yi ba tare da yatsa ba suna sonta.

Akwai ado biyu da za ki ci karo da su. Ɗaya shi ne maimaita sauti guda da sauri yana ƙara gudu, wanda Caccini ya kira trillo. Ɗayan shi ne girgiza dogon sauti da izga ɗaya, a hankali, kamar bugun zuciya. Marini ya rubuta shi a sonatarsa La Foscarina cikin littafin 1617, yana kwaikwayon rawar muryar ogan. Kada ki rikita shi da karkarwar izga mai sauri da ake yi a kiɗan fina-finai in za a tsorata mutane.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi ba ɗalibai tsoro. Inda aka bar miki dogayen sautuka tsirara a zango mai sanyi, ana sa ran ki yi musu kwalliya da kanki. Francesco Rognoni ya buga littafi guda a Milan a 1620 cike da misalan yadda ake cike tazara tsakanin sauti biyu da ƙananan sautuka. Ki fara da kaɗan: sauti ɗaya na wucewa, juyi ɗaya kafin masauki. Gobe ki canja. Castello da kansa ya roƙi makaɗa a gabatarwar littafinsa kada su karaya in sun ga kiɗan da wuya a karon farko, su maimaita shi har ya zauna. In kin samu mota zuwa Gombe wata Asabar, ki zo da takardar da fensir ɗin a jiki, in ga kalmomin da kika rubuta.

Daga wani malamin makaranta a Azare: *Malam, ni kibod nake kaɗawa, ƙanwata kuma bayolin. Mun samu sonatar Fontana, amma ɓangarena layi ɗaya ne tak na hannun hagu, da 'yan lambobi jefi-jefi. Ko takardar ba ta cika ba ce?*

Malam, ta cika. Haka Giovanni Battista Fontana ya bar ta. Wannan layin shi ake kira basso continuo, muryar ƙasa mai ɗorewa, kuma shi ne ƙashin bayan kiɗan Turai na kusan shekara 150. Hannun hagu ya kaɗa abin da aka rubuta, hannun dama ya ƙirƙiro kod a kai, wato sautukan da ake dannawa tare. In ba lamba, ka ɗora kod na yau da kullum a kan sautin. In ka ga 6, sautin da ke ƙasa shi ne na tsakiyar kod ɗin, ka ƙirga shida daga shi zuwa sama. In ka ga 4 da 3 a jere, ka riƙe na huɗu ya ciji, sannan ka sauke shi zuwa na uku. A bugun farko-farko lambobin ba su da yawa, an bar wa kunnen makaɗi sauran, shi ya sa dole idonka ya riƙa leƙen layin ƙanwarka. Kod ɗin rufewa kuma ka mai da shi majo, wato mai haske, ko da zangon na baƙin ciki ne. Al'adarsu ke nan a lokacin.

A zamanin Fontana ƙaramin ogan ne ke wannan aiki, ko hafsikod, kakan fiyano da ke tsinkar tsirkiya maimakon dukanta, ko tiyobo, wani babban molo mai wuya ya kusa tsawon mutum. Kai da ke da kibod, ka zaɓi muryar ogan mafi laushi, ka kashe gangunan cikinsa, ka ɗauke ƙafa daga fedal. Sauti biyu ko uku a hannun dama sun wadatar, kuma su zauna ƙarƙashin bayolin, kada su hau kanta, kada su bi sahunta suna maimaita abin da take faɗa. Na sha ganin masu kibod ɗinmu, saboda sabo da rakiyar mawaƙa hamsin, sun cika yatsu goma sun danne yarinya ɗaya da bayolin har sai ka ga hannunta na motsi ba ka jin komai. Abin yana ƙona mini rai, don ita ce ta kwana tana atisaye. In kuna da mai jita, ku gwada da shi. Tsinkar tsirkiya ta fi kusa da tiyobo fiye da duk abin da kibod zai yi.

Kuma ka sani kai ba ɗan rakiya ba ne kawai. Inda ƙanwarka ta saki bugu, kai ne ƙasar da za ta sauka a kai, don haka ka kalli izgarta, kada ka kalli yatsunka. Inda layinka ya ɗauki jimlar da ta faɗa, ka fito da ita sosai, amsa kake ba ta.

Littafin da ke hannunku yana da tarihi mai taɓa zuciya. Fontana bai gan shi ba. Annobar da ta afka wa arewacin Italiya wajen 1630 ta tafi da shi a Padua, ita ce kuma ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Benis, ta kashe Girolamo Amati mai sassaƙa bayolin a Cremona, ta bar ɗansa Nicolò ya riƙe sana'ar gidan. Sai a 1641 aka tattara sonatocin Fontana 18 aka buga a Benis, shida na farko na bayolin ɗaya da muryar ƙasa. Ban da su ba mu da wani kiɗa nasa.

Daga wani saurayi a Bajoga: *Da wacce zan fara? Ban wuce matsayin hannu na farko ba.*

Ƙanena, ka yi sa'a. Yawancin sonatocin farkon nan ba sa barin matsayi na farko, inda hannun hagu ke zaune a ƙarshen wuyan bayolin, don makaɗan lokacin ba su da matokarin haɓa, Louis Spohr ne ya ƙirƙiro shi wajen 1820. A ƙirji ko ƙashin wuya suke jingina bayolin, kusan yadda mai goge ke tokare nasa. Fara da Cima, ka wuce sonata ta uku ta Fontana, sannan Castello. Ka dakata da Marco Uccellini na Modena, wanda littafinsa na 1649 ke hawa har matsayi na shida. In kana son abin da zai sa yara dariya a gida, ka nemi Capriccio stravagante na Carlo Farina, wanda aka buga a Dresden a 1627, inda bayolin ke kukan kaza, haushin kare da kukan kyanwa.

Daga wata uwa a Billiri: *Ɗana ya ce sai an saya masa tsirkiyar hanji kafin ya kaɗa kiɗan Barok. Gaskiya ne? Ga shi tun shigowar hunturu bayolin ɗin ba ta riƙe sauti.*

Maman yaro, rabin maganarsa gaskiya ne. A zamanin Barok, wato zamanin sonatocin nan, da hanjin tumaki ake yin tsirkiya: a wanke, a kankare, a murɗa, a shanya. Sai wajen 1660 aka fara naɗe mai kauri da siririyar waya. Muryarta da ɗumi, da ɗan ƙaiƙayi a farkon sauti irin na goge, kuma ina sonta ƙwarai. Amma ban ba ki shawarar saye yanzu ba. Na taɓa yin oda daga Legas, ta iso a watan Janairu, na ɗaura siririyar da yamma, na kwanta. Cikin dare na ji tas daga cikin akwati. Da safe na tarar ta tsinke dab da jaki, ta naɗe kamar gashin masara. Kuɗinta ya isa cefanen kwana uku. Tsirkiyar hanji tana shan laimar iska tana fitarwa, canjin yanayi kaɗan ya motsa ta, ga namu yanayin daga bushewar hunturu zuwa laimar Agusta. Ya ci gaba da wadda yake da ita. Salon yana hannun dama da kunne.

Batun rashin riƙe sauti, bushewa ce ta sa 'yan sandunan ɗaure tsirkiya suka tsuke suna zamewa. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya goga ɗan alli inda suke taɓa katako, ya mayar yana ɗan turawa ciki. Kada ya kwance tsirkiya huɗu a lokaci guda, akwai ɗan ginshiƙi a cikin bayolin da nauyinsu ke riƙe da shi, in ya faɗi sai mai gyara. Ki samu ƙaramar robar sabulu mai murfi, ki huhhuda ta, ki sa jiƙaƙƙen soso da aka matse, a ajiye a cikin akwatin ba tare da ya taɓa katakon ba. Kada a bar ta a mota ko jikin taga. In kuma kun ga gefe ya ɗan buɗe, don Allah kada a kai wa kafinta ya zuba gam mai kamawa har abada. Da gam ɗin fata ake haɗa bayolin, da gangan, don haɗin ya saki kafin katakon ya tsage.

In ya ce miki kuma sai an sauke awon sautin A zuwa 415 maimakon 440, wato ƙasa da kamar rabin taki, ki gaya masa wannan yarjejeniya ce ta makaɗan zamaninmu. A lokacin kowane gari da nasa awon, kuma na Benis ma sama yake da na yau.

Daga wani dattijo a Dukku, jikansa ya rubuta masa: *Ni goge na gada, shekara hamsin ina kaɗawa. Jikana ya kunna mini wani kiɗan Bature a waya, na ji tsirkiyarsa ba a ɗaure take yadda na saba jin ta 'yan makaranta ba. Ya ce sunan mutumin Biber. Su ma suna canja ɗauri ne kamar mu?*

Baba, ranka ya daɗe, na gaishe ka da izga. Kunnenka ya kama abin da ɗalibai da yawa ba sa kamawa sai an nuna musu a takarda. Suna canjawa. A ƙa'ida tsirkiya huɗu na bayolin ana ɗaure su G, D, A, E, amma tun a littafin Marini na 1629 akwai inda ake sauke ɗaya a tsakiyar kiɗa. Wanda ya kai abin ƙarshe shi ne wannan Heinrich Biber, haifaffen ƙasar Bohemiya a 1644, wanda ya yi aiki a Salzburg ta Ostiriya har ya rasu a 1704. Yana da jerin sonata 15 kan rayuwar Almasihu da mahaifiyarsa Maryamu, kowacce da nata ɗaurin. Ta farko ce kawai a ɗauri na yau da kullum. A waɗanda suka shafi wahala yakan ɗaure tsirkiyoyin su matsu kusa da juna, bayolin ta riƙa fitar da murya a shaƙe. A ta 11 kuwa tsirkiya biyu na tsakiya ake ɗauka a gitta su, ɗaya ta haye ɗaya a bayan jaki da can wajen maɗauri, sai kayan ya buɗe yana amsa kansa kamar ƙararrawa. Abin da aka rubuta a takarda wurin ajiye yatsa ne, sautin da ke fita daban. Mai kaɗawa dole ya yarda da hannunsa ko da idonsa na gaya masa wani abu. Kwafi ɗaya ne na hannu ya tsira, yana Munich, kuma ba a buga shi ba sai a 1905.

Ka san dalilin fiye da ni, Baba. In ka ƙara wa tsagiya ɗauri ko ka matsar da jaki, ba tsayin sauti kaɗai ke canjawa ba, halin gogen ne gaba ɗaya, yadda ƙwaryar da fatar ke amsawa. Abin da Biber ke nema ke nan. Kuma kayanku ba bare ba ne ga juna: izgarsa gashin wutsiyar doki ce kamar taka, ƙaro yake goga mata kamar yadda kake yi, kakannin bayolin kuma sun haɗa jini da rababar Larabawa.

Ka sa jikanka ya nemo maka abin da ya rufe littafin, ana kiransa Passacaglia. Bayolin ce ita kaɗai, ba mai tallafa mata. Sauti huɗu ne ke saukowa, G, F, E da aka sauke rabin taki, D, su sake saukowa, har sau 65, Biber yana gina abu daban a kansu kowane zagaye: wani wuri kuka, wani wuri gudu, wani wuri tsirkiya biyu ko uku a tare. Johann Heinrich Schmelzer na Biyana ya riga shi yin irin wannan a sonatarsa ta huɗu ta 1664, a kan sauti huɗu masu saukowa su ma. Wanda ya yi shekara hamsin yana juya take ɗaya dare guda ba tare da ya maimaita kansa ba, shi ya fi cancanta ya gaya mini ko Biber ya iya. Ina son jin hukuncinka.

Akwai kuma roƙon da nake da shi. Ɗalibaina bakwai ne, biyu daga cikinsu ba su taɓa zama kusa da mai goge ba, don iyayensu suna ƙyamar wuraren da ake kaɗa shi. Na yi magana da iyayen, sun yarda in a gidana ne kuma da rana. In jikanka zai rako ka, ku sauka a Tashar Dukku ranar Asabar da hantsi, zan turo yaro da Keke Napep ya ɗauko ku. Ka zo da gogen da ƙaronka. Ina so su zauna a tabarma su kalli hannunka na dama a wancan wurin da kake ja kai kaɗai, kafin ƙwarya ta shigo.